Shuɗiyar Kwalba

Tun azumi na yi wa Juwaira alkawari,
har Agusta ya iske shi ban cika ba.
Ran Juma'a na aje bokiti da tsumman wankin mota,
na ce sa takalminki, yau sai filin wasa.
Ta riga ni bakin ƙofa tana rawa.

Jidda bayan la'asar ba ta san sassauci ba.
Rana ta tsaya kan teku kamar mai bin bashi,
iskar da ke tasowa tururin tukunya ce,
ƙarfen da aka gitta don bin layi ba ya taɓuwa.

Ta hau dokin roba sau uku,
ta hau jirgin da ke kifa mutane kai ƙasa,
ina jin ihunta daban cikin na Larabawa.
Na saya mata alawar auduga, na sayi gugguru,
riyal na zuba kamar ana yafa iri,
abu ɗaya na manta, wallahi: ruwa.

A layin babban lilo ta yi shiru,
yarinyar da bakinta bai san hutu ba.
Leɓe ya bushe ya yi toka,
zufa ta zana farin layi a wuyan riga.
"Baba, kaina," ta ce, ta jingina da gwiwata,
ƙafafun suka ƙi tsayawa.

Mai kula da lilon ya baro maɓallansa,
Dafa'alla, in ji rubutun ƙirjinsa.
Ya ji na ce wayyo, sai ya amsa da Hausa,
Hausar Mai Wurno mai ƙanshin Larabci:
"Ɗauko ta, ɗan'uwa, kawo ta inuwa."

Ya jiƙa ɗankwalinta ya ɗora a goshi,
ya miƙo kwalba shuɗiya kamar ruwan bula.
"Zufa ba ruwa kaɗai take sata ba,
har gishirin jiki take kwashewa.
Ba ta kurɓi-kurɓi, kada ta kwankwaɗa,
cikin da ya ƙone ba ya son gaggawa."

Na ɗanɗana kafin in kai bakinta.
Gishiri. Zaƙi. Ɗan tsamin lemo.
Sai kiɗan filin ya ja da baya,
ga Ringim, shekarar amai da gudawa,
ga Inna da kwalaben lemo biyu cike da tafasasshen ruwa,
tana shafe bakin cokali da yatsa,
tana ƙirga sukari ƙwaya-ƙwaya kamar carbi,
tana ɗura mini ina turewa.
Ni na sha na tashi.
Tanimu, ƙanena, bai jira ba,
kwana biyu da kai shi malamar asibiti ta zo koyarwa.

Yau riyal tara ne, da hoton ɗan tsere a jiki,
abin da Inna ta dama a ƙoƙo babu tambari.
Ban yi ciniki ba. Hannuna na makyarkyata,
ina ƙirga kurɓi, ina jiran dawowa.

A na goma sha ta buɗe ido sosai,
ta zaro harshe, ya rine shuɗi,
ta yi dariyar da ta kwance mini ƙirji.
"Baba, saura lilo." Na ce sai an kira magariba.
Ta turo baki. Na gode Allah da wannan turowa.

Dafa'alla ya ƙi kuɗina,
ya ce shi ma kullum biyu yake sha a bakin aiki,
in na je gida in gaida Hausawa.

Da fitilu suka kunnu ta hau, ta yi sama,
tana nuna mini jiragen ruwa da ba na gani.
Ni ina ƙasa, kwalba a kowane hannu,
gishirin Inna bai bar harshena ba,
ina bin ta da ido, tana juyawa.